Iya ruwa fidda kai: littafin aikina na koyon komawa cikin kayak a Tafkin Kware

Asabar, 8 ga Nuwamba, 2025

Jirgin ya iso. Wani direba da ya kai albasa Legas ne ya ɗauro shi a saman kayan dawowa, muka sauke shi bayan la'asar, yaran unguwa suka yi mana caa kamar an kawo kura. Na hannu ne, na roba, ja, rana ta ɗan koɗe shi. Tsawonsa mita 5, faɗinsa bai cika ƙafa biyu ba, ni da ƙanena muka ɗauke shi ba wahala. Kayak ake ce masa, irin wanda ake shiga teku da shi: mutum ɗaya yake ɗauka, ka zura ƙafafu cikin rami ka zauna, ka tuƙa da filafili mai baki biyu.

Abokina da ke Legas ya yi mini alkawarin bayan ƙaramar salla zai shigar da ni cikin abokan tuƙinsa mu je Tarkwa Bay, wani bakin teku a can Legas. Sharaɗinsu ɗaya ne, kuma ba sa ɗaga ƙafa a kansa: in jirginka ya kife a inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ka iya komawa ciki kai kaɗai. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa na sayi jirgin tun yanzu, na kuma buɗe wannan littafi don in riƙa rubuta abin da ya yiwu da wanda ya ƙi.

Akwai wani dalilin da ban faɗa wa abokin nawa ba. Tun ranar Lahadi 17 ga Agusta, da jirgin 'yan kasuwar Goronyo ya kife da mutum fiye da 50, abin yake cina. Kafin shi ga na Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, cikin Afrilun 2022, rai 29. Ni malamin motsa jiki ne, shekara goma sha ina koya wa yara gudu da tsalle, amma in ɗalibi ya tambaye ni me ake yi a minti na farko bayan jirgi ya kife, sai dai in yi kame-kame.

Da na ce wa ƙanena a Kware za mu riƙa yi, sai ya ce, "Yaya, tunda can muka nufa, ai gara a wuce da kai asibitin masu taɓin hankali na garin gaba ɗaya."

Asabar, 15 ga Nuwamba

Mun samu wani dattijo masunci a bakin tafki, muna ce masa Baba, ya yarda zai riƙa tsaya mana da kwalekwalensa kusa, mu ba shi na goro. Ya zagaya jirgin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya ce, "Malam, wanga jirgi naka ko buhun gero ba shi ɗauka. Mi amfaninai?" Da ya ga na ɗaura siket ɗin roba a ƙugu, wanda ake maƙalawa a bakin ramin zama don kada ruwa ya shiga, dariya ta kusa kada shi. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin namiji ya ɗaura fatari zai shiga ruwa ba.

Darasin yau fita ne kawai. Kafin ka yi maganar komawa jirgi, sai ka iya fitowa daga cikinsa yana kife, kanka a ƙasa, siket ya ɗaure ka. A ruwa iya ƙirji muka yi, ƙanena na tsaye a gefe. Na san tsarin a ka: ka duƙa gaba har goshinka ya kusa taɓa jirgi, ka buga jikin jirgin sau uku da tafin hannu don na waje su ji, ka bi bakin rami da yatsu har ka kai ga madaukin da ke gaban siket, ka tura shi gaba sannan ka ɗaga, ka dafa jirgin daidai ƙugunka ka zare shi kamar mai cire wando.

Da na kife, duk wannan karatu ya gudu. Ruwa ya shige mini hanci har tsakar ka, ruwan kore ne ba a ganin komai, na shiga miƙa wuya ina neman iska ta inda babu ita. Ban ja madauki ba, da gwiwa na ɓalle siket ɗin, na fito ina tari, na goge ƙauri a bakin rami. Filafili kuwa ya yi nasa wuri.

Sai a karo na biyar na iya ƙirga uku a ƙarƙashin ruwa kafin in taɓa madaukin. Na goma, na fito da filafili a hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da jirgi. Abin da zan maimaita wa kaina kullum kafin in tashi daga gaɓa: madaukin nan ya kasance a waje. In ya shige ƙarƙashin siket lokacin maƙalawa, ka kulle kanka a ɗaki ka jefar da makulli.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Mun matsa inda ƙafa ba ta kaiwa, da rigar ceto a jikina. Na birkice jirgin ya dawo daidai, na ce bari in haye kamar yadda ake hawa katanga. Sau bakwai ina hawa yana juyewa da ni. Jirgi mai siriri haka, ka ɗora nauyinka a gefe ɗaya, ba abin da zai yi sai ya bi ka. Ga ruwan da ya cika ramin zama. Kowace lita kilo guda ce, kuma ba ya zama wuri ɗaya, duk inda jirgi ya karkata can yake kwarara ya ƙara masa nauyi.

Baba yana zaune a kwalekwalensa yana gyaran koma, bai ce uffan ba sai da na gaji. Sannan ya jefo mini goransa, irin babban nan da masunta ke kwanciya a kai, wanda ake gani a Matan Fada ranar bikin Argungu. Ya ce, "Kwanta bisa, ka huta. Ruwa ba a yi musu gaugawa."

Ina kwance a kan goran na gane cewa dabarar da Turawa ke koyarwa ita ce wannan ɗin, an sauya mata riga. Su jakar iska suke zura wa bakin filafili, su gicciya filafilin a bayan ramin zama, jirgin ya samu ƙafa ta biyu a kan ruwa. Ba ni da jakar. Mun gwada ɗaura goran Baba, ya yi ƙato kuma santsi gare shi. Mun gwada jarka mai lita 4 da robar tub, ta zame sau biyu.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Ba mu je ba. Mura, da ɗaurin aure a Wurno.

Asabar, 6 ga Disamba

Telan unguwarmu ya ɗinka mini jaka da yadin tanti ruwan ɗorawa, mai aljihu a tsakiya inda bakin filafili ke shiga, da maɗauri. Da farko soson katifa ya so ya cusa, na hana shi, don wannan shan ruwa yake yi. Muka farke wata tsohuwar rigar ceto muka ciro nata soson, mai tauri, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Amfaninsa a kan na hurawa shi ne ba sai ka tsaya busa ba alhali numfashinka bai dawo ba. Aibinsa, girma; ya cinye bayan jirgin.

Ga yadda na yi, a jere, don jerin ne duka aikin. Bayan na fito, jirgin na kife, na saƙala ƙafa ɗaya cikin ramin zama don hannuwana su samu sarari, na zura jakar na ɗaure. Na birkice jirgin da sauri, saboda in ka yi a hankali ruwa yake ɗiba kamar moɗa. Na ɗora sandar filafili a gicciye bayan rami, jakar tana can nesa a kan ruwa, na haɗa sandar da bakin rami na damƙe da hannu ɗaya. Daga nan sai wurin da na daɗe ban gane ba: ba hawa ake yi ba. Ƙafafu za ka yi ta bugawa har jikinka ya kwanta a saman ruwa, sannan ka ja jirgin ya shigo ƙarƙashin ƙirjinka. Kana kife a bayan jirgi, fuska na kallon baya, ƙafa ɗaya a saƙale kan sandar filafili. Ka zura ƙafar da ta fi kusa cikin rami, ka bi da ɗayar, ka sulale ciki, sannan ka murɗa jiki ka zauna, kana juyowa ta ɓangaren jakar.

A nan na sha kashi. Sau uku ina kaiwa wurin murɗawa sai in ɗaga kai in ga ko na isa, nauyina ya koma ɗaya gefen, jakar ta tashi sama ta zana bakan gizo, ni kuma tsundum. Yaran da ke wanki a gaɓa har sun fara jiran wurin, suna tafi.

Na huɗu ya yi. Ƙanena ya duba waya: minti 9 daga kifewa zuwa zama, ban da kwalfe ruwa, wanda ya ci wasu minti 6 da famfon hannu. Ban cire jakar ba sai da ruwan ya ragu na mayar da siket. Na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe.

Lahadi, 14 ga Disamba

Yau jirgin ne ya ba ni kunya. Irin wannan kayak yana da ɗaki biyu a rufe, gaba da baya, iskar da ke cikinsu ce ke hana shi nutsewa ko ramin zama ya cika. Murfin na baya roba ne, rana ta busar da shi ya tsage ta gefe, ban lura ba. A kifewa ta uku sai na ga gindin jirgin yana yin ƙasa, hancinsa yana ɗagowa, har ya kusa tsayawa a tsaye cikin ruwa kamar turmi. Jirgin da ya yi haka ba dabarar da za ta mayar da kai cikinsa. Baba ne ya ja mu zuwa gaɓa.

Wanda ya sayar da shi ya rantse mini a waya cewa lafiya lau ya bar hannunsa. To. Mai faci ya yanko tub na mota ya yi wa murfin ɗamara, na kuma cika ɗakunan biyu da robobin ruwa marasa komai, a toshe. Ko murfi ya sake cin amana, wurin da ruwa zai zauna ya ragu.

Asabar, 27 ga Disamba

Minti 4 da jaka. Na gwada wata hanyar da ba ta buƙatar komai, wadda na sa wa suna hawan jaki: ka ɗaga hancin jirgin yana kife ruwa ya zube, ka birkice shi, ka koma can baya ka ɗora ciki, ka wurga ƙafa ka hau shi kamar jaki, ka kwanta ka riƙa jan ciki zuwa gaba, ƙafafu a buɗe cikin ruwa. In ka zo kan rami, mazaunai ke fara faɗawa, ƙafafu daga baya. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, in ruwa na kwance. Usur ɗin da ke rataye a rigata ya maƙale a igiyar bayan jirgi sau biyu, na mayar da shi aljihu.

Wani abokina ma'aikacin lafiya ya ja mini kunne kan tsargiya. Ruwan tafki mai dodon koɗi da ciyawa, ga ni ina wuni a ciki duk mako. Ya ce in je a gwada fitsari, in an samu akwai maganinta, praziquantel, kuma in daina tsayawa cikin ciyawar gaɓa ba dalili.

Asabar, 10 ga Janairu, 2026

Na daɗe ina juya yadda zan rubuta na yau.

Hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe ɗaya gaɓar, iska na busowa daga gabas maso arewa tana tayar da ƙananan igiyoyi masu farin kai. Baba ya ce a bari sai ta faɗa. Na ce ai irin wannan ranar nake nema, tunda ba a kifewa a ruwan da ke kwance. Gaskiya ne, amma da girman kai a ciki. Minti 4 ɗin nan ya hau mini ka.

Ban kifar da jirgin da gangan ba, igiyar ruwa ce ta buge ni ta gefe ina waiwaye. Sanyin ruwan ya sa na ja numfashi ba da niyya ba tun kafin kaina ya gama fitowa, na shaƙi ruwa. Na fito ina tari, hannu ɗaya da filafili. Jakar tana maƙale a bayan jirgi, na saki bakin rami don in share fuska, daƙiƙa biyu ko uku. Da na miƙa hannu, jirgin ya yi gaba da taku ɗaya. Na yi iyo, ya ƙara biyu. Jirgin da ba kowa a ciki kusan duk jikinsa a saman ruwa yake, iska na tura shi kamar ledar da aka yar, ni kuwa ina cikin ruwa har wuya da riga mai kumburi da filafili a hannu. Ko minti ɗaya ba a yi ba na san ba zan kama shi ba. Jaka, famfo, duk dabarun da na kwashe wata biyu ina tarawa, suna can tare da shi.

Baba ya iso kaina cikin 'yan mintuna, ya juyo mini gindin kwalekwale na kama, bai bari na hau ta gefe ba. Sai da muka kamo jirgin cikin ciyawa ya yi magana, kuma bai ɗaga murya ba. "Malam, in jirgi ya kihe, shi ag goranka. Kak ka sake shi ko mi ya hwaru. Mutanen da munka tsamo cikin gulbi shekarun nan, da yawansu sun iya iyo. Gaɓa sunka hanga, sunka bar jirgi."

A gaɓa na kasa ɓalle maɓallin rigata, yatsu sun ƙi. Ƙanena ya ɓalle mini, ya lulluɓe ni da bargo, mai shayi ya haɗo mai zafi. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Wani masani a Jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, ya tsara abin a lamba uku don ruwan ƙanƙara, 1-10-1: minti 1 ka shawo kan numfashinka, kamar minti 10 hannuwa na da amfani, kamar awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Kware ba ta kai ko kusa da wannan ba, amma minti ɗayan farkon nan na ɗanɗana shi, kuma a cikinsa na yi kuskuren.

Laraba, 14 ga Janairu

Labari ya kai wa Inna, ba ta bakina ba. Ta ce, "Kai da ke da iyali, me ka ajiye a cikin ruwa?" Na yi ta ba da haƙuri. Ba ta hana ba, amma ta sa na yi alkawarin ba zan taɓa shiga ba in dattijon nan ba ya wurin.

Abin da na sauya: ƙafa cikin rami tun kafin in yi tari ko in share ido. Jakar ta dawo gaban ramin zama inda hannu ke kaiwa. Na ja sabuwar igiya a kewayen jirgin, da ɗan sassauci yadda yatsu za su shiga. Filafili ya samu gajeren maɗauri da ke haɗa shi da jirgi, duk da ina ɗar-ɗar da shi, don igiya a cikin ruwa tana iya naɗe mutum.

Asabar, 24 ga Janairu

Mun fara juyi, wato ka kife ka dawo sama ba tare da ka fita daga jirgin ba. Wannan ita ce uwar dabarun, sauran duk na wanda juyinsa ya ƙi ne. Asalinta daga mafarautan Inuwit na Girinlan da maƙwabtansu, waɗanda kalmar kayak ma tasu ce. Ruwansu na kisa ne cikin ɗan lokaci, don haka rigar fatar da suke sawa a ɗaure take da bakin jirgi, fita ba ta cikin lissafi. Har yau a gasar ƙasarsu ana gwada salon juyi fiye da 30, wani da filafili, wani da hannu zalla. A Turai ana danganta fara yinsa ga wani ɗan Ostiriya, Edi Hans Pawlata, a 1927.

Da na ba Baba wannan labari ya yi shiru, sannan ya ce ashe su ma Sarkawa ne.

Ƙanena ya tsaya a ruwa ya riƙe hannuwana, na kwantar da kai a kansu, ina koyon mayar da jirgin da ƙugu da gwiwa. Filafili tallafi ne kawai, ƙugu ke aikin. Abin da ya fi wuya shi ne kai ne zai fito ƙarshe, alhali shi ke neman iska. Duk sanda na ɗaga shi da wuri, gwiwar da ba ta dace ba take turawa, in koma inda na fito. Da filafili: sau 12, ko ɗaya.

Asabar, 7 ga Fabrairu

Iska ta dawo, ba ta kai ta ranar nan ba amma ta isa. Wannan karon Baba ya tsaya ta inda iska ke kai kaya, da shiri. Na gwada ɓangarorin biyu. In ina ta inda iska ta nufa, jirgin hawa kaina yake yi, ƙafafuna su shige ƙarƙashinsa, hawa ya yi wuya. In ina ta inda take fitowa, jirgin na ja na, ƙafafu su taso saman ruwa da kansu, hawa ya zo da sauƙi, sai dai sakin hannu ɗaya ya isa a maimaita 10 ga Janairu. Na zaɓi na biyun, da damƙa.

Da jaka: sau 5, huɗu sun yi, mafi kyau minti 5. Hawan jaki: sau 5, ɗaya, shi ma da sa'a. Wanda ya ba ni mamaki shi ne haɗin gambiza: jaka a bakin filafili, in ja numfashi in nutsa, in zura ƙafafu cikin jirgin yana kife, in yi juyi da taimakon jakar. Ya yi sau biyu cikin uku, kuma ya fi duka sauri, sai dai ka tashi da ruwa cike da rami, ga famfo yana son hannu biyu ga filafili yana son nasa.

Asabar, 14 ga Fabrairu

Na ƙarshe kafin azumi. Juyi ta dama: 3 cikin 10. Ta hagu ban fara ba. Komawa da jaka ta hagu har yanzu bakan gizo ne rabin lokaci.

Jikokin Baba biyu sun karɓi jirgin bayan na gaji. Ƙaramin, wanda bai wuce shekara 13 ba, ya yi hawan jaki a gwajin farko, ya zauna yana mini dariya. Daga nan Baba ya sa suka kifar da ƙaramin kwalekwalensu na katako, suka nuna mini yadda suke yi: su birkice shi, su kama baki ɗaya suna turawa suna ja har ruwan ya riƙa fantsama waje, ɗaya ya hau ta gindi ya ƙarasa da ƙwarya. Na ɗauka a waya. Ina so in nuna wa shugaban makarantarmu, ko zai yarda mu kawo 'yan aji uku bayan salla, in an samu rigunan ceto ko guda goma ne.

Sakamakon gwajin fitsari ya fito, ba komai. Jirgin zai kwana a zauren Baba, a inuwa, saboda murfin. Na aika wa abokina na Legas lissafin yau, ya amsa da cewa a bakin teku igiyar ruwa ba ta jira mutum ya gama kwalfewa, in ƙara yin aiki a kan hagu, kuma in zo da jakar telan nan su gani.